Amsa ga ɗan'uwan da ke son injin iska ya ba gidansa wuta a bayan Shika

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce gidanku a bakin gona yake can bayan Shika, wutar layi ba ta kai muku ba, kuɗin man janareta ya ishe ka, ka ga bidiyon wani ya haɗa fankar iska da altanetar mota, sannan ka ga wata a kasuwar intanet an rubuta wat 3000 a jikinta kuma da araha, shine kake tambaya wacce za ka bi a ciki, kuma anya za ta riƙe maka fitilu da fanka da talabijin da ɗan firji. To zan ba ka amsa iya abin da na sani, don na jima a harkar, na naɗa kwayil da hannuna na feƙe katako na ɗaga sanda na kuma sauke wadda ta lalace, kuma aiki ne da nake ƙauna ƙwarai, shi ya sa ba na so ka faɗa masa ido rufe ka ƙona kuɗinka ka dawo kana cewa ai harkar duk ƙarya ce.

A gajarce, duka biyun kar ka yi. Kuma kar ka fitar da ko sisi sai ka san irin iskar da ke kaɗawa a daidai wurin da za ka kafa, don ita ce man injin, kuma ba a sayo ta a galan.

Abin da mutane ba sa ganewa shine yadda gudun iska yake juya lissafi. In gudunta ya ninka sau 2, wutar da ke cikinta ninkawa take sau 8, don gudun ake bugawa a kansa har sau uku, 2 sau 2 sau 2. Ɗauki inji mai fuka-fukai uku da faɗin da'irarsa ya kai mita 2.4, wanda shine madaidaici na gida. A iskar da ke gudun mita 3 a daƙiƙa abin da zai shiga batir ɗinka bai wuce wat 20 ba, a mita 4 kusan wat 50, a mita 5 wajen wat 90, a mita 6 ya haura 150, in ta kai mita 10 kana maganar wat 700 da wani abu. Inji ɗaya ne fa, katako ɗaya kwayil ɗaya, iskar ce kawai ta canza. In ka tara a wata, wurin da matsakaicin iskarsa na shekara mita 3 ne zai ba ka yunit 20 (irin yunit ɗin mitar wuta) ko kusa da haka, mai mita 4 wajen yunit 50, mai mita 5 kusan 90. Kaga tsakanin 3 da 4 ɗinnan da fatar jikinka ma ba za ta bambance ba, nan ribar take nan kuma asarar take. Ƙasa da mita 4 ni ba na ba kowa shawarar ya kafa, iska ce za ta yi ta wahalar da mai kayan kara.

Yanzu mu auna waccan ta intanet da wannan mudun. Yawancinsu in ka duba girman da suka rubuta a ƙasa faɗin bai wuce mita 1.2 ko 1.3 ba. Duk ƙarfin iskar da ke ratsa da'ira mai faɗin mita 1.2, ko da tana gudun mita 12 a daƙiƙa, wanda iska ce mai girgiza manyan rassa da ba kullum ake ganinta ba, bai fi wat 1100 ba gaba ɗayansa. Kuma ba inji a duniya da zai kwashe duka, wani Bajamushe Albert Betz ya nuna tun wajen 1920 cewa iyakar abin da za a iya cira kashi 59 ne cikin 100, don in ka tsayar da iskar cak ta bayanta ba ta da hanyar wucewa. Ƙananan injina irin namu in sun kawo kashi 30 har cikin batir an gode Allah. To ta ina wat 3000 zai fito? Babu. Lamba ce aka buga a kwali. Duk sanda za ka duba injin iska ka manta da wat ɗin da aka rubuta, ka tambayi faɗin fuka-fukan.

Sai iskar Zariya. Duk wanda ya zauna garin nan ya san ba iri ɗaya take ba a shekara. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, tana zuwa daga arewa maso gabas da ƙarfinta da ƙurarta, haka kuma gab da faɗuwar damina akwai iska mai kyau. Amma daga ƙarshen damina zuwa kaka, Satumba da Oktoba, sai ta kwanta, ka wuni ganyen darbejiya bai motsa ba. Ko a hunturun ma ka lura, da hantsi ta fi tashi, zuwa magariba ta fara lafawa, dare ya yi tsit a nan ƙasa-ƙasa, alhali da daren ne kake buƙatar wutar, saboda haka masu cewa ai injin iska ya fi sola don yana aiki da dare, a nan wajenmu ba kullum maganar ke tsayawa ba. Batir dole ne ko ta wace hanya ka bi. Jos da Katsina da Sakkwato sun fi mu iska, shi ya sa ma aka kai babban aikin nan na megawat 10 Lambar Rimi a jihar Katsina, injina 37 kowanne kilowat 275, kuma su ɗin ma can sama suke a kan dogayen sanduna a fili fetal.

Yadda za ka san taka: akwai taswira kyauta a intanet, Global Wind Atlas, da Bankin Duniya da wata jami'ar fasaha ta ƙasar Denmark suka yi, ka nemo ƙauyenku ka zaɓi tsayin mita 10, kar ka bar shi a mita 100 don lambar can za ta ruɗe ka. Akwai kuma bayanan yanayi da ake ajiyewa a cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da kuma filin jirgi na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Amma duk waɗannan hasashe ne kawai game da gonarka, gani ya kori ji. Ka sami ɗan ma'aunin iska mai kofuna uku wanda yake ajiye lissafi, ka ɗaure shi a kan dogon gora ko fayif daidai tsayin da injin zai zauna, ka bar shi ya ga hunturu ya ga kaka, shekara guda in da hali. Wallahi ya fi araha nesa ba kusa ba a kan ka kafa inji ya zama ado. Kafin ka samu, idonka ma ma'auni ne: in kana jin iska a fuska ganye na ɗan kaɗawa, ba ta kai mita 3 da rabi ba, in ganye da ƙananan rassa ba sa hutawa kuma ƙyalle ya miƙe a kan sanda, tana tsakanin 3 da rabi zuwa 5, in tana ɗaga ƙura da leda daga ƙasa ta haura 5. Ka riƙa rubutawa sau uku a rana, bayan asuba da azahar da isha'i.

Abu ɗaya da ya ba ka sa'a shine bakin gona kake. Da a cikin birni kake, ko Tudun Wada ko Sabon Gari, da tuni na ce ka rufe maganar, don gine-gine da bishiyoyi suna farfasa iska ta zama hargitsattsiya, inji ya yi ta waige-waige yana neman inda take ba ya kawo komai sai cin boris. Kuma don Allah kar ka ɗora a kan rufin ɗaki. An gwada wannan a Ingila tsakanin 2007 da 2008, injina 26 a jikin gine-gine, sakamakon ya yi muni har wasu wutar da na'urorinsu suka ci ta fi wadda suka bayar, ga girgiza da ƙara cikin ɗaki, balle ginin ƙasa irin namu da zai tsattsage. Ƙa'idar da muke bi ita ce injin ya ɗara duk wata bishiya ko gini da ke cikin mita 150 da shi da kamar mita 9. A fili ka yi lissafin sanda mai mita 12, ta fayif ɗin ƙarfe, da wayoyin ɗauri ta kusurwa huɗu, kuma mai maƙala a gindi yadda za a kwantar da ita a tayar ba sai mutum ya hau ba. Ka sa a ranka kuɗin sandar da wayoyinta da kankare zai iya kamo kuɗin injin kansa, kuma nan ne mutane suke ƙwauro su yi mita 5, su ɓata aikin duka.

Altanetar mota kuwa, an yi ta ne don injin mota ya juya ta da gudu, sai ta haura zagaye 1000 a minti kafin ta fara caji, ita kuwa fanka mai mita 2.4 a iskarmu ta yau da kullum zagaye 200 zuwa 300 take yi. Sai ka sa fuli da bel don ƙara gudu, su kuma su cinye ɗan ƙarfin, sannan ita altanetar sai ta ja wuta daga batir wajen wat 40 don ta yi wa kanta maganaɗisu. Iska ta ba ka 20 ita ta ci 40. Masu bidiyo suna nuna maka ƙwan fitila ya kama na minti ɗaya ne, ba sa nuna maka batir bayan wata guda. Haka injin iska na durom da ake tsagawa biyu a tsayar, yana burgewa don ko iska kaɗan ce yana juyawa, amma a hankali yake kuma rabin abin da mai fuka-fukai zai kawo ma da ƙyar, ya fi dacewa da jan ruwa. Fuka-fukan fayif ɗin roba kuma ranar Zariya tana gasa su su yi ƙaushi, rana ɗaya su tarwatse.

Wanda na yarda da shi kuma nake koya wa yara shine tsarin wani mutumin Sikotilan, Hugh Piggott, da ke zaune a wani lungu da ake kira Scoraig inda wutar layi ba ta kai ba, ya shafe shekaru yana gyara tsarin har ya zama ana haɗa shi a ƙasashe da dama na Afirka da Latin Amurka da kayan da ke kusa. Faranti biyu ne na ƙarfe, kowanne an jera masa maganaɗisu 12 suna fuskantar juna, a tsakaninsu akwai kwayil 9 na wayar tagulla da aka zuba wa rezin, ruwan gam ɗinnan na masu aikin faiba, ya daskare ya zama faifai. Duka suna zaune a kan hob ɗin tayar baya ta ƙaramar mota, fuka-fukan a jikin farantin kai tsaye, ba bel ba giya ba burushi. Da yake babu ƙarfe a cikin kwayil ɗin ba ya cijewa, iska kaɗan ta tashe shi. Wutar ta fito ta waya uku, wata 'yar na'ura da ake kira dayod ta mayar da ita irin wadda batir ke karɓa, ta shiga batir. Ka yi na bolt 24, kar ka yi na 12, don sandar za ta yi nisa da ɗaki kuma a bolt 12 wat 500 yana nufin amfiya 40, sai waya mai kauri mai tsada in ba haka ba wutar ta ƙare a hanya.

Abin da yake faranta min rai a tsarin nan, kusan duk hannun da ake buƙata muna da shi. Masu naɗin kwayil ɗin fanka da injin ban ruwa a Sabon Gari, in ka ba su lambar waya da adadin zagaye za su naɗa maka tsaf. Mai walda yana kowace unguwa, hob yana wajen masu kayan gwangwan, abin da ya gagara a leƙa Panteka a Kaduna. Maganaɗisun ne kawai sai an yi oda daga waje, mai ƙarfin nan da ake kira niyodimiyam, kuma shine mafi tsada a cikin injin. Na lasifika ba zai yi ba. Ka kula da shi sosai, biyu in suka haɗu da yatsanka a tsakani sai sun fasa shi, kuma yana tsatsa in ruwa ya same shi, ya kumbura ya fara gogar kwayil, saboda haka a lulluɓe shi da rezin kar a bar ko ƙofar allura.

Fuka-fukan su ne inda ake gane gwani. Katako busasshe marar ƙulli mai miƙaƙƙen zare, malaina tana yi in ta bushe da kyau. Na taɓa zama da wani dattijon kafinta kwana uku muna feƙe saiti ɗaya, da farko yana ganin ai allo ne kawai za a karkata, sai da na sa ya shafa da tafin hannunsa ya ji yadda gefen da ke fuskantar iska yake a shafe bayan kuma ya yi tozo, gindin da kauri da murɗa, bakin ya sirance kamar wuƙa. Daga nan ya karɓe aikin, ya riƙa ɗaga kowanne yana hango shi ta hasken ƙofa yana cire ɗan abin da ni ban ma gani ba. Da muka haɗa ukun muka rataye don duba daidaito ɗaya ya ɗan rinjaya, sai da muka ɗaura guntun dalma a gindin sauran har ya zama duk inda ka tsayar da shi nan zai tsaya. Kar ka raina wannan, bakin fiffiken yana gudu kamar sau 6 na gudun iskar, a iska mai mita 10 ya haura kilomita 200 a awa, ɗan rinjaye kaɗan sai ya girgiza sandar har noti ya kwance.

To ga inda aka fi yin kuka, iskar hadarin farkon damina, wadda take yaye kwanon gidaje a Afrilu da Mayu. Inji mai kyau yana kare kansa, ana ɗan goce shi daga tsakiyar sanda kuma wutsiyarsa a kan maƙala take a karkace, in iska ta yi yawa sai ya juya mata gefe wutsiyar ta naɗe, in ta lafa nauyin wutsiyar ya dawo da shi. Abu na biyu, injin iska ba a barinsa ba kaya. Sola in batir ya cika kwantirola yanke shi take yi shike nan, shi kuwa wannan in ka yanke shi ya zama doki ba linzami. Dole kwantirolarsa ta zama mai karkatar da rarar wuta zuwa wani abin da zai cinye ta, kamar hitar ruwa, kuma a sa makunnin birki da zai haɗe wayoyi ukun nan wuri ɗaya, yana haɗe su injin zai tsaya.

Na ga abin da rashin wannan ya jawo a wani gida da muka kafa wa. Mai gidan ya cire batir ya ba wani aro za a yi biki, bai ja birkin ba don a ganinsa ai ba iska, da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Matarsa ta ce ƙarar da suka ji kamar jirgi zai sauka a tsakar gida, ta kwashe yara suka shige ɗaki. Da safe fiffike ɗaya muka tsinto a gonar maƙwabci ya nutse a kunya kusan taƙi guda, sauran biyun sun daki sandar sun dagargaje. Allah ya kiyaye ba kowa a waje. Tun daga ranar ba na kafa wa kowa sai na tara duk mutanen gidan har matan da manyan yara, kowa ya ja birkin nan da hannunsa a gabana, kuma ba na yarda sanda ta zauna inda in ta faɗi za ta taɓa ɗaki ko turken dabbobi. Tsawa ma haka, ƙarfe ne mai mita 12 shi kaɗai a fili, sai an kafa masa rodin tagulla a ƙasa an haɗa da sandar da wayoyin ɗaurin.

Sannan kulawa. Sola ka goge ƙura ka tafi, wannan kuwa abu ne mai juyawa dare da rana cikin ƙurar hunturu da ke cin bakin fiffike kamar sanfefa. Aƙalla sau ɗaya a shekara, ni na fi son sau biyu, bayan hunturu da bayan damina, a kwantar da shi a sa giris a boris, a ɗaure noti, a sake fenti, a duba wayar da ta sauko ta cikin fayif ko ta murɗe. Inda harkar ta yi nasara a duniya, kamar yankin Mongoliya ta Gida a ƙasar Sin inda makiyaya suka kafa ƙanana sama da 100,000, iska ce mai ƙarfi ga kuma masana'antu da kayan gyara da masu gyara a kusa da su. A gaɓar tekun Nikaragwa kuwa an kafa irin na Piggott ɗin a ƙauyuka masu nisa, iska ba ta kai yadda aka zata ba, ga tsatsa ga tsawa ga mai gyara sai ya yi tafiyar kwale-kwale, ƙarshe aka fi komawa sola. Don haka in za ka yi, ka tsaya a haɗa shi da kai, ko ka tura ƙaninka ya koya, kar ya zama in boris ya yi kuka sai an jira wani daga Kaduna.

Mu dawo kan kayan gidanka. Fitilu 5 masu wat 7 na awa 5, fanka mai cin wuta kaɗan ta kwana, talabijin awa 4, cajin wayoyi, duka wajen yunit 20 ne a wata. Firji shi kaɗai zai ƙara maka kusan yunit 30 ko fiye a zafin nan namu. Farantin sola ɗaya mai wat 300 a ranar Zariya yana ba da yunit 1 da ɗan ɗori a rana, wato 35 ko kusa a wata, ba sanda ba giris ba fargabar hadari, kuma farashinsa ya faɗi ƙwarai a shekarun nan. Ni mai son injin iska ne amma ba zan ɓoye maka ba, da ni ne kai da farantin sola biyu zan fara, da batir mai kyau da inbata daidai kayana, in yi tsarin a bolt 24 tun yanzu don in bar wa injin iska ƙofa. A ranar da na kafa solar a ranar zan ɗaga ma'aunin iska a bakin gonar. In shekara ta zagayo lissafi ya nuna mita 4 ko sama, to a haɗa mai mita 2.4 a jona shi a batir ɗaya da solar, zai taimaka maka sosai a kwanakin da hazo ya rufe rana ƙura ta lulluɓe faranti, lokacin shi kuma yake kan ganiyarsa, batir ɗinka ma zai fi daɗewa don ba ya kwana a ƙasa. In kuma bai kai ba, kuɗin sandar ka ƙara faranti da shi.

Ka turo min tazarar da ke tsakanin inda kake son kafawa da bishiya mafi kusa, da tsayinta ko da a ƙiyasce ne, da ta wace kusurwa take, musamman in tana arewa maso gabas da wurin, sai kuma nisan wurin da ɗakin da batir zai zauna don in lissafa maka kaurin waya. Allah ya taimaka, a gaida mutanen gida.